Muryar Baba a Cikin Akwati

Tun da aka yi wa Baba aikin maƙogwaro, akwatin nan ne bakinsa. Ɗan ƙarami ne, da madannai jere a samansa. Kafin a shiga da shi tiyata ya zauna ya naɗi muryarsa a ciki: wannan madanni ya ce "A ba ni ruwa", wancan ya ce "Allah ya yi albarka", har da na "Ku rage surutu", wanda ya riga sauran koɗewa. Sai ran nan akwati ya ƙi tashi. Kamfanin da ya ƙera shi kuwa tuni ya rufe, ko wayarsu ba ta shiga.

Aka juyo kan Auta, tunda ita ce mai rubuta manhaja. A gidan nan, in dai ka san kwamfuta, gani ake har firiji kana iya gyarawa.

"Muryar dai tana nan ko?" in ji yayanta.

"Tana nan, Yaya. Manhajar ce ta lalace. Amma ba zan iya kwafo muryar ba sai wani abu ya tashi a cikin na'urar tukuna."

"To ki tashe shi mana."

Faɗa ba wuya. Ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce ƙwarai, duk kayan aikin da ta saba jingina da su a ofis babu mai shiga. Dole ta rubuta nata daga tushe, wato umarnin farko da na'ura ke bi da zarar wuta ta shige ta, kafin ainihin manhaja ta sami wurin tsayawa. A nuna wa na'urar inda za ta riƙa ajiye lissafin wucin gadi, a share wurin aiki ya koma sifili, sannan a kira manhaja. Layukan ba su cika shafi ba, amma sun cinye mata hutunta kaf. Teburin cin abinci ya cika da wayoyi, ƙananan kusoshi a murfin kwalba. Baba na kujerarsa yana kallonta. In yana son ruwa sai ya buga cokali a kofi, kuma kowa ya san abin na ci masa rai.

Sharar nan kuwa Auta ba ta wasa da ita. Ta sha yi wa na ƙasa da ita a ofis faɗa a kanta, har suna ce mata Mai Tsintsiya a bayan ido. Hannunta ya riga ya saba, shi ya rubuta layin bai yi shawara da kanta ba: a share daga nan har ƙarshen ƙwaƙwalwa.

Da yamma ta loda umarnin a cikin na'urar, ta kunna. Fitila ta kawo kore. Ta fara kwafo muryar zuwa kwamfutarta, sai allo ya cika da sifili, layi bayan layi. Ta koma kan umarninta, idonta ya sauka a kan layin sharar. Muryar kuwa a can ƙarshen ƙwaƙwalwar take, sharar ta haɗa da ita. Na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi, tsaf, cikin ƙiftawar ido. Ba kuma a taɓa ajiye kwafi a ko'ina ba. Ta tsani hannun nan nata.

"Ya yi?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Ya tashi," ta ce.

Baba ya riga ya hango fitilar. Ya miƙo hannu yana murmushi, ta kasa hana shi. Ya ɗora akwatin a cinya, ya goge shi da bakin riga, ya danna. Shiru. Ya kara a kunne, ya sake dannawa. Sai ya dube ta, ya murza yatsu biyu a iska, wai ta ƙara sauti.

Ta durƙusa a gabansa, ta murza masa har ƙarshe.