Suruki a Shataletale

Babandi ya taka kuloci ya saka giya, motar gwaji ta tashi sumul, ko tari ba ta yi ba. Shekara goma sha bakwai yana jan akori-kura a hanyoyin gonakin Ashige, inda laka ke haɗiye taya, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Yanzu dillalan doya sun ce za su danƙa masa babbar motarsu ta zuwa Abuja, amma sai ya kawo lasisi kafin ƙarshen wata. In babu, wani yaro ɗan Lafiya na jira.

Jami'in gwajin, Terngu, ya gyara zama a gefensa da takarda a cinya.

"Oga direba, ka yi a hankali fa. Ku mutanen ƙauye, in goma ya zo, uku ne yake wucewa. Yaran gari kuwa, takwas."

"Yallaɓai, yaran gari allo suka haddace. Ni hanya ce ta koya mini. Gani ya kori ji."

Terngu kuwa ya gani. Babandi ya yi ribas tsakanin duro biyu kamar mai zura zare a allura. Suka fito titi, ya ratsa keke da 'yan acaɓa bai ko taɓa hon ba. Terngu ya daina zolaya, biro sai tafiya yake.

Sun shiga shataletale ke nan, idon Babandi ya faɗa kan wani tsoho a bakin titi, da malafa da sanda a kafaɗa. Wakili ne, mahaifin matarsa Ramatu. A gidansu kuwa, mutum ba ya wuce surukinsa yana zaune a sama kamar hakimi. Ƙafa ta riga tunani. Ya taka birki nan tsakiyar hanya, ya kashe mota, ya fita, ya tuɓe takalma ya tsuguna a kan kwalta.

"Baffa, barka da hantsi. An zo lafiya? Ya shanu?"

Titi ya cushe. Wani mai keke ya leƙo yana ihu: "Malam, nan ruga ce? Ka shimfiɗa tabarma mana!"

Wakili bai ko dubi mai keken ba. Sai da ya tambayi lafiyar Ramatu da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ramatu ce ta ce yau ne gwajinka. Tun asuba na hau mota, na ce in tsaya inda za ka bi in sa maka albarka. Allah ya ba da sa'a."

"Amin, Baffa. Na gode."

Da ya dawo mota, Terngu ya riga ya ja dogon layi a takardar.

"Hannunka yana da kyau, wallahi. Amma ka faɗi. Wa ya ce maka ana fakin a shataletale?"

Babandi bai yi gardama ba. Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ya tayar da mota, ya kunna sigina, ya fita daga cunkoson.

"Sau nawa ake sakewa, yallaɓai?"

"Bayan sati biyu. Litinin ko Talata?"

Babandi ya dubi madubi. Tsohon na nan tsaye, yana ɗaga sanda da murna.

"Sa Talata," in ji shi. "Ranar ce Baffa yake kai shanu kasuwa."