Guɗar Furera

A ƙauyensu da ke gabas da Cadakori, in aka ji doguwar guɗa ta ratsa gonakin gero, kowa ya san ta Furera ce, matar Ɗantala manomi. Biki ko suna, in ba ta zo ba, mata sai su ce taron bai yi armashi ba.

Lokacin yankan gero wata mura mai zazzaɓi ta shigo gari, ta kwantar da mutane da dama, har da Furera. Aka kai ta gidan likita a Gidan Rumji, ta kwanta can har zazzaɓin ya sauka. Ta dawo gida da ƙafarta, amma numfashi ya ƙi isar ta. In ta taka daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa danga ta huta, daka kuwa ta gagare ta ɗungum.

Abin da ya fi damun ta shi ne 'yarta Raliya, wadda ta zo gida da tsohon cikin fari. Furera ta yi wa jikokin mutane guɗa shekara da shekaru, ga nata na tafe, ita kuma ko doguwar gaisuwa ba ta iya ƙarasawa sai da tari.

Basira, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauyen, 'yar aminiyar Furera ce. Wata safiya ta biyo ta gidan, ta saurari ƙirjinta, ta ce ciwon ya tafi, huhun ne ya yi laƙwas saboda kwanciya, sai an sake koya masa aiki.

"Yau ni za a koya wa numfashi?" in ji Furera. "Tun ranar da aka haife ni nake yin sa."

"Haka ne, Inna, amma yanzu da kafaɗa kike yi. Da ciki za ki koma yi."

Basira ta zaunar da ita a kujera, baya a miƙe, ta ɗora mata hannu a ciki. Ta ce ta ja iska ta hanci a hankali har ta ji hannun ya ɗago, sannan ta tsuke baki ta fitar da ita kamar mai hura koko mai zafi. Ta kuma zuba ruwa rabin kwalba, ta sa siririn tiyo a ciki, ta ce ta riƙa hurawa ruwan na ɓulɓula. Ta gargaɗe ta, in ta ji jiri ko ƙirji ya yi zafi ta tsaya, in abin ya ci gaba ta aiko a kira ta.

Da Ɗantala ya dawo daga gona ya iske matarsa tana hura kwalba, ya yi dariya har ya zauna kan turmi. Furera ta miƙa masa ta ce ya gwada tunda abin wasa ne. Ya cika kumatu ya hura da ƙarfin tsiya, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa masa gemu da gaban riga. Furera ta ƙyalƙyale, dariyar ta kawo tari, tarin ya wuce ta ci gaba da dariyarta.

Maƙwabciyarta Rukaiya, wadda ita ma murar ta taɓa, ta leƙo ta danga ta gani, washegari ta zo da tata kwalbar. Kafin a jima mata da yawa ke taruwa ƙarƙashin itacen bedi na gidan kowane hantsi, hannu a ciki, baki a tsuke, suna gasar wadda ruwanta zai fi daɗewa yana ɓulɓula. In sun gama sai su taka sannu-sannu zuwa rijiya su dawo. Furera ta fara isa rijiyar ba tare da hutu ba, daga baya ta koma daka, kaɗan-kaɗan.

Wata rana ta ɓuya bayan rumbu ta gwada guɗa. Muryar ta tashi ta karye a tsakiya, akuyar da ke ɗaure a wurin ta zabura. Da ta ba Basira labari, Basira ta ce kada ta yi garaje, ta fara da guna-guni da baki a rufe, tana jan sautin iya yadda numfashi ya kai.

Raliya ta sauka lafiya, ta sami mace. Ranar suna, da liman ya faɗi sunan jaririya, Firdausi, matan cikin gida duk suka juyo suna duban Furera. Ta miƙe, ta ja iska har ciki, ta kama hanci ta saki guɗa. Ba ta kai tsawon ta da ba, amma ta fita tas, har maza a ƙofar gida suka jiyo ta. Inda ta tsaya Rukaiya ta ɗauka, sauran matan kwalba suka bi. Raliya ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya.

Mako bai zagayo ba aka aiko daga Sae Sabuwa ana gayyatar Furera biki. Ɗantala ya ce a fara jin ta bakin Basira. Furera ta ce ai ta riga ta tambaye ta, Basira ta ce ta je, ta dai riƙa hutawa tsakani. Ya fita neman mai moto, wato babur, ita kuma ta buɗe akwati tana zaɓen zanen da za ta ɗaura.