Abin Da Na Faɗa A Rediyo

Ni Wakili, sau uku jirgi ya kife da ni a tafkin Kainji, ga ni nan daram. A garinmu Wara in na ce hanya lafiya, ba mai sake tambaya.

Yaƙi da 'yan bindiga ya ƙi ƙarewa, gero ya gagari talaka, ga zaɓe ya matso. 'Yan siyasa sunka ba ni buhun shinkafa, na ce a rediyo daji ya yi lafiya, a koma gona. Ko leƙawa ban yi ba.

Maƙwabcina Ɗangana ya ji, ya ɗauki fartanya. Wata biyu bai dawo ba.

Jiya matarsa ta durƙusa ta ce, "Baba, ku kunka san dajin. Ta ina za a nemo shi?"

Na ƙirƙiro tari, na shige ɗaki.