Ranar da Falalu Ya Ƙi Tada Tifa

A shekarar 1977 wani kamfani yana zuba burji a hanyar Roni zuwa Gwiwa, Falalu kuwa direban tifa ne a cikinsa. Shekara biyu yana aikin, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Wata Litinin da safe ya taka birki a bakin yadin kamfanin, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, haka. Leburori kusan ashirin sun riga sun hau baya da shebur da diga, kuma kafin a kai wurin haƙar burji sai an bi gangaren dutse. Ya kashe mota ya sauko.

Maikasuwa, foman ɗinsu, ya taho yana duba agogo. "Lafiya?"

"Birki ba ya ci, yallaɓai."

"Jiya ba ita ka tuƙa ba? Ka bi a hankali da giya ɗaya."

"Da mutane a baya? Wallahi ba zan iya ba."

Maikasuwa ya ƙwace makulli, ya tasa shi gaba har ofishin manaja, Alhaji Sheriff.

Alhaji ya ji bayani fuska a murtuke, don ranar Alhamis injiniyoyi za su zo duba aikin. Ya ce, "Ka dangwala hannu a takarda cewa za ka bi umarnin na gaba da kai. Ko ka tada motar nan yanzu, ko ka ajiye aiki. Baba Kura, ɗauko takardarsa ka karanta masa."

Baba Kura tsohon akawu ne, saura masa wata huɗu ya yi ritaya. Ya buɗe fayil, ya karanta wurin biyayya, ya fassara da Hausa. Falalu bai iya boko ba, abin da aka ce yana ciki shi ke nan. Ya tuna 'ya'yansa uku da tsohuwarsa a Achilafiya.

"Ka ji?" in ji Alhaji.

Baba Kura bai rufe fayil ba. Ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, da saura. Layi na bakwai ya ce kamfani zai ba ma'aikaci kayan aiki masu lafiya. In ya ga haɗari ya faɗa, ba a korarsa a kan haka."

"Wa ya tambaye ka?"

"Kai ka ce in karanta, ranka ya daɗe. Sa hannunka ne a ƙasa. In aka je ofishin ƙwadago a Kano, ita za su nema."

Alhaji ya fizgi takardar. Ya daɗe yana kallonta. Can ya ce a kira Halliru makanike.

Halliru ya shiga ƙarƙashin tifa, ya fito riƙe da tiyon birki a tsage, baƙin mai na bin hannunsa. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Leburori suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya, wani yana salati.

Ba a kori Falalu ba, ba a kuma ba shi haƙuri ba. Ranar a ƙafa aka tafi wurin aiki. Da wata ya ƙare aka mayar da shi Babura tuƙin motar ruwa. Kafin ya tafi ya je ya durƙusa ya gaida Baba Kura, ya roƙe shi ya rubuta masa takardar nan duka da ajami. Tsohon ya ce ya dawo bayan la'asar.