Injin da Ya Ƙi Juyawa

Soson injin goge fenti na taɓa ƙofar motar sai injin ya yi gurnani ya tsaya. Yeom Gwang-su ya ɗaga shi sama, ya ci gaba da juyawa lafiya lau kamar ba shi ba. Ya sake ɗora shi a kan fentin, ya sake tsayawa cak.

"Kunyar motar yake ji," in ji Seok Man-ho daga kan benci, yana hura kofinsa. "Bai saba hulɗa da tsofaffi ba."

"Sha abinka ka ƙyale ni."

Safiyar Juma'a ce, wurin wankin motar da ke bayan tashar bas a birnin Changwon babu kowa sai su biyu. Man-ho ya daɗe da ajiye tuƙin tasi, ba shi da aikin da ya wuce zama yana tsokanar abokinsa. Shi kuwa Gwang-su direban bas ne, hutu ya ɗauka saboda gobe ne bikin 'yarsa Da-eun, kuma a baƙar motarsa za a kai amarya da ango filin jirgi. Motar ta kwana biyu a duniya, amma fentinta mutum zai iya aske gemu a jikinsa. Abin da ya rage kawai 'yan ƙwarzane ne a ƙarƙashin hannun ƙofa da gefen madubi, lungunan da babban injin gogewa ba ya shiga. Don su ya sayo wannan ƙaramin, wanda tsawonsa bai wuce na tocila ba.

Ya canza batir. Ya canza soso. Ya rage man gogewar, ya ƙara gudu, ya sassauta hannu har injin yana neman suɓucewa. Duk ɗaya.

"Kira Jin-u mana," in ji Man-ho. "Ba irin nasa ba ne?"

Gwang-su ya sake kunna injin.

Pyo Jin-u ya fara zuwa wurin nan ne da wata farar mota da ya ɓata wa jiki da soson wanke-wanke. 'Yan ƙungiyar masu goge mota, waɗanda ke haɗuwa nan kowace Lahadi, suka yi ta yi masa dariya. Gwang-su ne ya jawo shi gefe, ya kama hannunsa ya ɗora a kan inji, ya koya masa komai tun daga yadda ake riƙe tsumma. Yanzu Jin-u bidiyo yake ɗauka yana sa wa a intanet, mutane na kallo kamar me. Kamfanin da ke ƙera ƙaramin injin nan kyauta yake aiko masa da kaya. Ranar Lahadi samari kan zagaye motarsa suna ta tambaya, in sun zo wucewa ta wajen Gwang-su su ɗan rusuna, "Ina kwana, Baba," su wuce. A makon jiya ma Da-eun da bakinta ta ce, "Baba, ka bar wa Kawu Jin-u gugar motar mana ka huta. Angona fa ba ya barin bidiyonsa ya wuce shi." Dariya ya yi a lokacin. Abincin ne dai bai ƙarasa ba.

Ya juya kwalin injin, ya nisanta shi da idonsa har lambar kamfanin ta fito sosai, ya kira. Aka sa masa kiɗa. Aka ce ya danna ɗaya, ya danna. Aka mayar da shi kan kiɗan. Sai da Man-ho ya shanye kofinsa ya fara rawa da kafaɗa sannan wata murya ta shigo.

"Barka da safiya, yallaɓai, sunana Nam Hye-rin. Da me zan taimaka?"

Ya yi mata bayani. Ta tambaye shi ko batirin a cike yake. Ya ce a cike yake. Ta tambaye shi ko yana danne injin da ƙarfi.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake goge mota."

"Na gane, yallaɓai. Ko ka canza farantin da soson ke mannewa a kai?"

"Jiya na cire babban na sa ƙaramin. Laifi ne?"

"A'a, ko kusa. Sai dai akwai abubuwan da ake dubawa in an canza. Muna da wani bidiyo mai sauƙi da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na Malam Pyo Jin-u, ƙwararre ne sosai. In tura maka?"

Gwang-su ya ɗaga murya.

"Ni sabon inji nake so. Yau."

"Sai ka aiko mana da wannan mu duba tukuna, yallaɓai. Yakan ɗauki kamar mako biyu. Amma da ka fara kallon bidiyon Malam Pyo..."

Ya katse wayar. Kafin ya ajiye ta har saƙon ya shigo. Bai yi niyyar buɗewa ba, yatsansa ne ya riga shi. Ga Jin-u nan cikin baƙar riga mai tambarin kamfani, gashi a gyare, yana murmushi. Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a gefen farantin. "Ga wata 'yar dabara," in ji shi. "In kana ganin layin nan a tsaye, to injinka ba juyawa yake ba, rawa kawai yake yi."

Rawa kawai yake yi. Ko kalma ɗaya bai canza ba. A nan, a rumfa ta ƙarshe, Gwang-su ya faɗa masa wannan maganar, har ya ara masa alƙalamin. Ya jira ya ji an ambaci sunansa. Jin-u ya wuce zuwa batun batir. Gwang-su ya kashe bidiyon.

"Riƙe min wayar nan," ya ce wa Man-ho. "Ɗauki hoton bidiyon injin sosai."

Ya ɗora shi a kan ƙofa, ya tsaya. Ya ɗaga, ya ɗora, ya tsaya. Ya karɓi wayar ya tura hoton a zauren hirar ƙungiya, ya rubuta a ƙasa: Ga injin da ake yi mana talla. Wanda aka ba kyauta ai dole ya yaba. Mu da muka saya, ga abin da muka samu.

Man-ho ya karanta a tasa wayar, ya dubi abokinsa.

"Kai, Gwang-su. Inji ka zaga ko yaro?"

"Na kama sunan wani?"

"Sai ka kama?"

Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce dama yana shirin saya, an cece shi. Wani ya ce in Baba Yeom ya ce abu ba shi da kyau, an gama magana. Wani ya kwafi hoton ya kai ƙarƙashin bidiyon Jin-u. Gwang-su ya jingina da motar yana bin su ɗaya ɗaya, wani abu mai ɗumi yana sauka a ƙirjinsa. Rabon da wayarsa ta yi irin wannan motsin har ya manta.

Rana ta take tsaka farar motar ta shigo. Jin-u ya fito da rigar masana'antar da yake aiki, hannu duk baƙin mai, ba gyaran gashi ba murmushin bidiyo. Lokacin cin abincinsa ne ya taho. Ya rusuna wa Man-ho, ya rusuna wa Gwang-su.

"Yaya, na gani. Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Manya irinku ana samunku a waya?"

"Haba, Yaya." Ya ɗauki injin, ya gwada a gefen ƙofa. Ya tsaya. Ya kara shi a kunne, ya girgiza. "Washar tana ciki dai ko? Siririn zoben nan na bayan faranti?"

"Ni kake tambaya?"

Jin-u ya sunkuyar da kai.

"Ni kake tambaya ko na iya ɗaura faranti? Wa ya nuna maka inda ake kunna inji?"

"Yi haƙuri, Yaya. Bakina ne ya saba, kullum tambayar da nake yi wa mutane ke nan." Ya ajiye injin a hankali, bai kwance shi ba. "In ya ƙi aiki a hannunka, to matsalar daga gare shi take. Ni ne ban gwada da kyau ba kafin in ce mutane su saya."

Ya koma motarsa ya ɗauko wata jaka, ya ajiye a kan benci. Nasa injin ne, da batir biyu da sababbin soso.

"Ka ƙarasa da wannan. Ba za a kai Da-eun filin jirgi da ƙwarzane ba." Ya duba agogo. "Gobe ƙarfe nawa zan zo in taya ɗaure furanni a jikin motar?"

"Duk sanda ka ga dama."

Ya tafi. Man-ho ya miƙe yana dafa gwiwa. "Bari in sayo mana kimbap, naɗin shinkafar nan. Kallonka ma yunwa yake sa ni."

Gwang-su ya rage shi kaɗai. Ya jawo kwalin don ya mayar da injinsa ciki a aika wa kamfani. Ya ɗaga babban farantin da ya cire jiya, sai yatsansa ya ji wani abu a bayansa. Ya juya shi. Ɗan siririn zoben ƙarfe ne, maiƙo ya manne shi a jiki, faɗinsa bai kai maɓallin riga ba.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya waiga, babu kowa. Ya kwance ƙaramin farantin, ya ga inda ya yi ta gugar jikin injin har robar ta yi fari. Ya zura zoben, ya ɗaure, ya kunna, ya ɗora a ƙarƙashin hannun ƙofa. Injin ya bi fentin sumul, ba gurnani ba tsayawa. Ya goge wurin da tsumma. Ƙwarzanen ya tafi, sai fuskarsa da ke kallonsa daga cikin baƙin fentin.

Wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ya yi sauri ya kashe injin.

"Malam Yeom Gwang-su? Sunana Ok Mi-ran, ni ce shugabar sashen kula da masu sayen kayanmu. Na kira ne in ba ka haƙuri da kaina."

"To."

"Malam Pyo ya kira mu ɗazu, ransa a ɓace. Ya ce kai ne malaminsa, duk abin da ya sani a wurinka ya koya, kuma in injinmu ya tsaya a hannunka to mu binciki injinmu. Ya sauke bidiyonsa, ya ce ba zai mayar ba sai mun gano matsalar. Mun dakatar da aikin da muke yi da shi zuwa lokacin."

Gwang-su ya ji daɗi. Bai so ya ji ba, amma ya ji shi sarai, tun daga ciki har maƙogwaro, kafin kunya ta biyo baya ta tarar da shi.

"Za mu aiko maka da sabo yau ɗin nan," ta ci gaba. "Kuma in ba za ka damu ba, muna so ka riƙa gwada mana sababbin kayanmu kafin su fita kasuwa. Irinku muke nema. Sai dai mu roƙe ka ka turo mana wanda ya lalace, injiniyoyinmu su buɗe shi. Yallaɓai? Kana ji na?"

Ya dubi injin da ke hannunsa. Magana ɗaya ce, gajeriya, har ya jera ta a bakinsa. Zai faɗa mata, ya rubuta a zaure, kafin yamma kowa ya sani. Gobe kuma a wajen biki rabin 'yan ƙungiya za su zo, Jin-u na gefe yana ɗaure furanni, ango yana neman su ɗauki hoto tare.

"Gobe nake aurar da 'yata," ya ce. "Kaina ya yi zafi. Zan kira ki Litinin."

"Kai, barka, yallaɓai! Litinin ɗin ta yi."

Ya sa injinsa a kwali, ya rufe, ya tura can cikin but ɗin motar, ya ɗora tsummoki a kai. Man-ho ya dawo da leda a hannu yana tauna.

"Na jiyo ƙarar inji tun daga titi. Ya tashi ne?"

"Na Jin-u ne."

"Su kamfanin fa?"

"Sun ce za su bincika."

Man-ho ya zauna ya buɗe ledar. Gwang-su ya zuge jakar Jin-u, ya ɗauko injin, ya ɗiga mai a kan sabon soso. Wayarsa na kan rufin motar tana ta motsi, saƙo na bin saƙo. Ya kai hannu zai kife ta, sai ya fasa, ya gyara mata zama yadda zai riƙa ganin hasken. Litinin da sassafe zai kira, ya faɗa wa kansa, kafin ma ya fita aiki. Ya tsuguna a gefen madubi ya kunna injin.