Bututun Murhun Nurjamal

"Inna, me ya sa Baffa ya sace mana bututun murhu?"

Sezim ta yi tambayar da ƙarfi, a gaban maza, tana nuna akori-kurar da yatsa. Nurjamal ta fizgo 'yar tata ta toshe mata baki, amma magana ta riga ta fita. Toktosun, yayan mijinta, ya ɗago kai daga cikin injin ya fashe da dariya.

"Esen, ka ji 'yarka? Wai sata. To a bakin wa ta ji?"

Esen, mijin Nurjamal, yana nan tsaye. Shi ne ma yake riƙe wa yayan nasa bututun.

Tun da suka hau tsauni kiwon bazara, kogin da ke tsakaninsu da gari yake cika kullum, don ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa. Bara ruwa ya shiga ta inda injin yake shaƙar iska, motar ta mutu a tsakiyar kogi, mutane suka yi ta yi wa Toktosun tsiya. Bana ya rantse sai ya tsallaka zuwa bikin wasan dawakai da motarsa. Shi ya sa ya shiga tantin ƙanensa ya zare bututun da ke fitar da hayaƙin murhu, ya tsayar da shi a gefen ƙofar direba har ya wuce rufin mota. Ya yanko tsohon tiyub ya haɗa gindin bututun da bakin injin, ya ɗaure da waya, ya narka kwalta ya bi kowace kafa ya shafe. Ya kifa gwangwani a samansa saboda ruwan sama. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Matar ƙane ba ta kiran sunan yayan miji, ba ta kuma yi masa musu. Sai Nurjamal ta juya ga mijinta, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Sezim, ka gaya wa Yaya akwai jariri a ɗaki. Kashin shanu muke ƙonawa, ka san hayaƙinsa."

Toktosun ya amsa ba tare da ya dube ta ba. "Kakanninmu a tsakiyar tanti suke hura wuta, ga mu nan da ranmu. Matan yanzu, da ɗan hayaƙi sai tari kamar tsohuwar akuya. Zan sayo wani a gari."

Da safe suka tafi har da Esen. Nurjamal tana goye da jaririnta Ilgiz, ta ga ruwa ya rufe tayoyi, ya rufe fitilu, bututunta kaɗai yana tsaye a sama. Motar ta haye tana gurnani, maza suna ihu.

A ranar sanyi ya sauko, da yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. In ta yaye murfin saman tanti, sanyi ya zubo a kan yara. In ta rufe, hayaƙi ya taru har ba ta ganin ƙofa. Ta fasa gindin gwangwanaye ta jera su ta liƙe da laka, zafi ya tsattsage lakar. Ta kashe wutar ta cusa jaririn cikin rigarta, ƙafafunsa suka yi sanyi kamar dutse, dole ta sake hurawa. Maƙwabta mafi kusa suna can hayin kogi. Ilgiz ya fara tari, daga baya ya ƙi nono, ƙirjinsa yana lotsawa duk numfashi.

Da bikin ya watse suka dawo da rana tsaka, suna waƙa. An ƙara wa motar sababbin fitilu biyu a goshi. Babu sabon bututu.

"Kai, na manta," in ji Toktosun. "Ƙanwata, ɗora mana shayi."

Nurjamal ta tsaya a gabansa da yaron a hannu.

"Toktosun. Tayar da motar nan, asibiti za mu."

Esen ya sunkuyar da kai kamar shi aka mara.

"Wa ta kira?" Toktosun ya waiwaya hagu da dama. "Esen, akwai wani sa'anta mai sunana a nan?"

"Yaya, ka yi haƙuri, ruɗewa ce..."

"A'a, bar ta ta ƙarasa. Gobe sai ta hau kaina ta yi sukuwa." Ya shige tanti ya harɗe a kan shimfiɗar manya. "Motata ba ta tashi sai na sha shayi daga hannunta. Da ladabi."

Ta miƙa wa Esen jaririn. Ta hura wuta, hayaƙi ya tashi, ta jira ruwa ya tafasa. Ta durƙusa ta miƙa kofi da hannu biyu. Ya kurɓa ya ce ya yi ruwa-ruwa, ta sake. Ya sha a hankali, yana ba Esen labarin dokin da ya ci gasa. Ya nemi ƙari.

La'asar ta yi kafin su kai bakin kogi, lokacin da ruwa ya fi hauka. Ruwan ya bugi gilashi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mata ƙafa. Injin ko gezau. Ta ƙanƙame Ilgiz tana addu'a, ƙarar ruwa ta hana ta jin komai.

A hayin kogi Toktosun ya diro ya daddaki bututun yana washe baki.

"Kun ga aiki? Ko ɗigo bai shiga ba! Ƙanwata, faɗi gaskiya, a jikin murhunki ya taɓa yin amfani haka?"

Nurjamal ta buɗe mayafin. Ta sa kunne a ƙirjin yaron, ta daɗe. Sannan ta mayar da mayafin ta rufe masa fuska.

"Inna, ya daina tari," in ji Sezim.

Ke da kike karanta wannan da yaro a cinya, ki ji ni da kyau. Ranar da wani ya miƙa hannu zai ɗauki abin da ɗanki yake rayuwa da shi, ko wane ne shi a gidan, a ranar za ki tsaya a bakin ƙofa ki ce a'a. Kada ki aika miji ya faɗa miki. Kada ki jira tari ya fara.