Ɗoyi a Ƙafar Goɗiya

Tun da goɗiyarsa ta fara ɗingishi, tsoho mai amalanke ya koma maƙaryaci. In 'yarsa ta toshe hanci a ƙofar barga, sai ya ce ɓera ne ya mutu a rufi. Ɓeran me! Ya san daga kofato ɗoyin ke fitowa, kuma ya tuna dokin maƙwabcinsa: kofato ya lalace, likita ya zo da allura, aka fitar da gawa. Shi kuwa tare suka tsufa da goɗiyar nan, ba zai iya gani ba.

Sai ya shiga jinya a ɓoye. Ya hana ta fita, ya jiƙa buhuna ya naɗe mata ƙafafu wai don su yi sanyi. Ɗoyi kuwa sai abin da ya yi gaba.

Da 'yar ta gaji da zancen ɓera, ta kira likitar dabbobi ba da saninsa ba. Likita ta kwance buhunan, ta ɗora ƙafar baya kan gwiwarta, ta sa ƙugiya a tsagin naman nan mai taushi na tsakiyar kofato. Wani baƙin ruwa ya biyo, har 'yar ta gudu waje.

Likita ta ce, "Baba, wa ya ba ka shawarar buhu?"

"Hankalina."

"To, hankalin nan ya ɗan huta. Danshi da tsayuwa cikin kashi su ke ruɓar da wurin, kai kuma ka ƙara mata."

Ta yanke ruɓaɓɓen naman kaɗan-kaɗan, ta danna da babban yatsa. Goɗiya ta ɗan zabura kawai. Daga nan likita ta buɗe jaka ta ciro sirinji.

Tsohon da ke tashi da ƙyar, sai ga shi tsakanin likita da goɗiya ya ware hannuwa.

"'Yata, don Allah. Ki bar mini ita ko da ƙafa uku ne."

Likita ta dube shi, ta dubi sirinjin, ta miƙa masa. Babu allura a bakinsa.

"Na tsirta magani cikin tsagin ne, Baba. Ruɓar ba ta yi zurfi ba. Kullum ka kankare, ka wanke, ka tsirta, ka cusa auduga. A kwashe kashin nan, ƙasa ta bushe, ta riƙa ɗan tattaki. Zan dawo wata mai zuwa in rage mata kofato."

Ya zauna daɓas kan bokiti. Daɗi ya cika shi.

"Wata mai zuwa? Wato tana nan har wata mai zuwa?"

"Har baɗi ma, in Allah ya so."

'Yar ta dawo bakin ƙofa. Ya tashi ya kifa goshi a jikin goɗiyar, ya yi kukansa a gaban mata biyu, ko kunya babu.